Abin Wuyan Kare da Wuyan Saurayi: Sharhi a kan Wani Sabon Barkwanci a Gabashin Sakkwato

Manufar wannan takarda ita ce a duba wani ɗan gajeren barkwanci da ya shigo bakin magidanta a ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo, a ga inda ya samo gishirinsa, da kuma inda ya saɓa wa ƙa'idar wasan Bahaushe. Tushensa wata na'ura ce ta Turawa da mutane suka gani a hotunan wayar hannu, watau wani abin wuya mai batir da ake ɗaura wa kare. Maigidan karen yana riƙe da madanni daga nesa. In karen ya yi abin da ba a so, sai ya danna, lantarki ya ja shi a wuya. Sigar barkwancin da aka fi ji takan zo kamar haka, cikin Sakkwatanci: "Da ana saida abin ga kasuwar Achida, da na sawo ma yaron ga guda, in ya nuhi tasha in danna." Sai majalisa ta fashe da dariya.

Kafin a yi suka, ya kamata a ba barkwancin haƙƙinsa, domin an ƙera shi da kyau. Ƙarfinsa duka yana kan kalma guda, watau "horo". Bahaushe yana hora doki, yana hora jaki da raƙumi da shanun huɗa, yana kuma hora ɗansa. Alƙali ma yana yi wa mai laifi horo. Daga wannan tushe ne muke cewa Allah ya hore wa wane dukiya, ma'ana ya rusunar masa da ita ta bi shi. Ke nan harshen kansa ya riga ya share wa mai barkwanci hanya tsakanin turke da ɗaki. Shi ya sa kayan dabbobi suka daɗe a cikin maganar tarbiyya. Ana cewa yaro ya tsinke akala, ko a ja masa linzami, ko a yi masa dabaibayi da aure, ko a sa wa bakinsa takunkumi. Karin magana ma ya ce jiki ya fi kunne ji. Abin wuyan lantarki baƙo ne, amma ya tarar da 'yan'uwa a gidan.

To, sai dai akwai bambanci, kuma a nan ne ya kamata mu daɗe. Duk kayan da na lissafa suna bukatar mai horon ya kasance kusa. Mai linzami yana bisa dokin, abin da ya sami dokin ya same shi. In ya tsananta, a kayar da shi. Mai akala yana tafe gaban raƙuminsa cikin rana guda da ƙishirwa guda. Mafarauci kuwa, wanda shi ne gwanin kare a ƙasar Hausa, tun karen yana ɗan kwikwiyo yake ci da shi, ya shiga daji da shi, har aka ce ba a kiwon kare ranar farauta. Abin da ya ba majalisa dariya a sabon barkwancin shi ne ainihin rashin wannan kusanci: uba yana kishingiɗe a inuwa, ɗa yana can bakin tasha, zafi ya isa gare shi ba tare da an tashi ko an buɗe baki ba. Mafarkin uban da ya gaji ne, mai son biyayya ba tare da zama da yaro ba.

Malaman fiƙihu, da suke bayanin aya ta 4 ta Suratul Ma'ida wadda ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, sun siffanta horarren kare da cewa shi ne wanda in an sake shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Wannan ita ce iyakar abin da ake nema ga kare. Amma da a ce wa Bahaushe ga siffar ɗansa ke nan, da bai ji daɗi ba, domin abin da yake nema ga ɗa shi ne hankali da kunya da sanin ya kamata, abubuwan da ake gane su lokacin da babu mai tsawatawa a kusa. Don haka ne harshen ya ajiye "reno" da "tarbiyya" daban. Ba a cewa kare ya sami tarbiyya sai da gatse.

Matsala ta biyu ta shafi ƙa'idar wasan. Tun 1940 Radcliffe-Brown ya bayyana wasan barkwanci da cewa raini ne da al'ada ta ba izini. A wurinmu izinin nan yana da iyakoki sanannu: tsakanin kaka da jika, tsakanin taubasai, tsakanin Gobirawa da Yarbawa, ko Fulani da Barebari. Sharaɗinsa kuwa shi ne ramuwa. Jika yana da bakin mayar wa kakansa, kuma wanda ya fusata shi ya faɗi. Uba da ɗa ba abokan wasa ba ne. Abin da ke tsakaninsu kunya ce, har ma a gidaje da yawa uba ba ya kama sunan ɗan farinsa. Saboda haka barkwancin abin wuya ana yin sa ne a bayan idon wanda ake yi dominsa, kuma ko yana wurin ba shi da ikon ramawa. A ganina ya fi kusa da habaici, habaicin ma irin na mai ƙarfi a kan marar ƙarfi, wanda shi ne mafi arha a cikin adabin baka.

Wani zai ce ai wasa ne, babu wanda zai ɗaura wa ɗansa batir. Haka ne. Amma mun san abin da ake ɗaurawa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, da yawansu yara da samari, wasu da sasari a ƙafa. Wata guda bayan haka aka buɗe wani a Daura. Akasarin waɗanda ke ciki danginsu ne suka kai su da hannunsu, da sunan gyaran hali. Wanda ya san wannan, dariyarsa ba ta fita duka. Haka kuma kada a ɗauka duka shi ne asalin renon Bahaushe ko'ina. Murray Last, a wata maƙala da ya buga a mujallar Africa a 2000, ya nuna cewa a gidajen Maguzawa da ya zauna dukan yaro abin ƙi ne, saɓanin abin da ya gani a garuruwa.

Su kansu masu na'urar ba su gama yarda da ita ba. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta ta tun 2010. Gwajin da Seligman da Maier suka yi a Amurka a 1967 ya nuna cewa karen da aka yi ta ja da lantarki ba tare da yana da hanyar tsira ba, daga baya ko an buɗe masa hanyar sai ya kwanta yana kuka, ya ƙi motsi. Malamin makaranta ya san irin wannan yaro. Yakan zauna a bencin baya, kuma sau da yawa ana yabonsa da ladabi.

Me ya sa barkwancin ya sami karɓuwa a wannan yanki? Wurno gari ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a matsayin ribaɗi, ya zauna a cikinsa har rasuwarsa a 1837, kuma ribaɗi wuri ne da ake ba samari aiki: tsaro da noma da karatu. Fadamar Rima, da madatsar ruwan Goronyo da aka gina a 1984, sun ci gaba da riƙe saurayi kusa da ubansa wajen noman albasa da tafarnuwa da shinkafa. Hare-haren 'yan bindiga sun raunana wannan. A Yulin 2018 an kashe mutane fiye da 30 a Tabanni ta ƙasar Rabah, a Oktoban 2021 kuma fiye da 40 a kasuwar Goronyo. Inda gona ta gagari zuwa, uba ya rasa wurin da yake hora ɗansa ba tare da ya ce yana horonsa ba. Abin da yake tsoro kuwa ya wuce tasha: ƙwaya ce, da daji, da bindiga. Mutumin da ke neman madanni a hannunsa yana faɗa mana cewa hannun ya daina kaiwa.

Akwai wata siga da ake ji a bakin mata, wadda ta fi ta maza ƙwari a wajen fasaha. In aka kawo labarin na'urar cikin gida, sai uwargida ta tambaya ko ana samun babba, daidai wuyan mai gemu, mai aiki daga gida har majalisa. A nan an juya madannin, wanda ya kawo wasan shi ya zama karen, kuma in ya fusata ya faɗi.