Faɗan da Aka Rubuta a Takarda

A cikin littafin Alexandre Dumas, wanda jaridar Le Siècle ta riƙa bugawa kashi-kashi a birnin Faris a shekarar 1844, wani saurayi ɗan ƙauye mai suna Dartanyan ya shigo birni neman aikin soja, ya janyo wa kansa faɗan takobi har uku a yini guda. Ya bangaji Atos a kafaɗar da take da rauni, aka sa ƙarfe goma sha biyu na rana. Ya gano cewa maratayin takobin Portos gabansa kaɗai ke da zinariya, aka sa ƙarfe ɗaya. Ya kunyata Aramis a kan wani hankici, aka sa ƙarfe biyu. Ana shirin zare takubba sai ga dogaran Kadina Richelieu su biyar sun zo kama su, don an haramta irin wannan fito-na-fito. Nan take yaron ya koma gefen mutanen da ya zo yaƙa. Sunan littafin Les Trois Mousquetaires, wato dakaru uku masu bindiga, su Atos da Portos da Aramis ke nan, ko da yake mai karatu zai lura takobi suka fi zarewa.

Dumas ya gama da wannan faɗa a 'yan shafuka, domin alƙalami ba ya tsone idon kowa. Mai shirya fim kuwa dole ya miƙa wa 'yan wasa dogayen ƙarafa masu tsini, ya ce su auka wa juna kamar da gaske, a maimaita sau goma ko fiye, sannan kowa ya koma masauki da idanunsa biyu. Akwai mutumin da aikinsa ke nan kawai, ana ce masa mai tsara faɗa. An mai da wannan littafi fim sau da yawa, amma wanda na fi komawa gare shi shi ne na darakta Richard Lester, da aka ɗauka a Sifaniya, aka raba shi biyu aka fitar a 1973 da 1974. Abin da ke mai da ni kuwa aikin wani Bature ne ɗan Ingila, William Hobbs, wanda aka haifa a 1939 ya rasu a 2018. Ya yi shekaru yana tsara faɗa a babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Landan ƙarƙashin Laurence Olivier, ya kuma wallafa littafi a kan sana'ar tun 1967.

A fara da makamin. Takobin mutanen Faransa na zamanin Sarki Louis na 13 bai yi kama da faffaɗan takobin da muka saba gani a hawan salla ba. Siriri ne, tsawon ruwansa ya kai mita guda ko ya ɗan ɗara, nauyinsa ya haura kilo ɗaya, kuma don suka aka fi ƙera shi. A wajen mariƙi akwai wasu sandunan ƙarfe da aka lanƙwasa suka zagaye hannu don kare yatsu. Masu sana'ar sun kasa ruwan takobi kashi biyu. Na kusa da mariƙi suna kiransa mai ƙarfi, na kusa da tsini kuma mai rauni. Ƙa'idar farko da ake koya wa ɗan wasa ita ce ya tare da mai ƙarfi, ya kai hari da mai rauni. Idan ya tare sara da ƙarshen takobi, nauyin saran zai ture ruwan ya shigo masa fuska. Idan ya tare kusa da hannu, ko yaro zai iya tsai da saran ƙato. Hannun hagu ma ba ya zaman banza: ko ya riƙe wuƙar tarewa, ko a nannaɗe shi da alkyabba ta zama garkuwa.

Takobin fim ba shi da kaifi, an kuma dakushe tsininsa. A finafinai da yawa ana amfani da na goran-ruwa saboda sauƙin nauyi, a ajiye na baƙin ƙarfe don lokacin da kamara za ta matso kusa. Sai dai dakusasshen ƙarfe ma yana fasa ƙashi, don haka kariyar gaske tana cikin tazara. Kafin a fara komai, mutum biyu za su tsaya fuska da fuska, ɗaya ya miƙa hannu da takobi iya miƙewa, ya yi dogon takun suka, a duba a ga tsinin ya tsaya kamar taƙi guda kafin jikin abokinsa. Wannan ita ce tazarar aiki. Duk gudu da juyi da tsalle da za a yi, sai an komo kanta. In ɗaya ya yi taku gaba, ɗayan ya yi taku baya daidai tsawonsa. Ƙafa ce ke riƙe da ran mutum a wannan sana'a, shi ya sa ake daɗewa ana koyon taku kafin a kai ga sara.

Daga nan sai jerin abin da ke faruwa a cikin kowane sara guda, wanda mai kallo ke gani kamar walƙiya, alhali kashi huɗu ne. Da farko su haɗa ido. Sai mai kai hari ya ba da alama, ya ɗaga hannu ko ya ja kafaɗa baya ta yadda abokinsa zai san inda takobi zai sauka. Sai wanda za a sara ya fara motsi. Bayan haka ne saran zai taho. Wannan na uku shi ne ya fi ba ni mamaki da na fahimce shi. In ka ga jarumi ya sunkuya takobi ya share iska a saman kansa, to ya riga ya sunkuya kafin takobin ya taso, mai saran ya ga kan ya sauka sannan ya saki hannu. Tsakanin motsin biyu bai kai ƙiftawar ido ba, shi ya sa idonka ke juya tsarin ya ba ka labarin da kake so. Shi mai saran kuma ba ya zuba ƙarfinsa a jikin abokinsa. Yana jefa shi ne ya wuce, kamar mai jefa ƙugiya a kogi, ta yadda ko an manta ba a tare ba, takobin zai tsaya da kansa.

Tarewa ma lamba gare ta. Masu wasan takobi na Faransa sun ƙidaya hanyoyi takwas, masu fim da dandamali suka fi dogara da biyar: biyu na kare cinyoyi, biyu na kare ƙirji da damatsa, ta biyar ta kare kai. Da waɗannan lambobi ake rubuta faɗa. Mai tsarawa zai ja layi a tsakiyar takarda, sunan wannan a hagu, na wancan a dama, ya bi yana rubutawa: suka zuwa ƙirji, tarewa ta huɗu, taku biyu baya, sara zuwa kai, tarewa ta biyar, hankaɗa. Kibiya tana nuna wanda ke kai hari. Ana tara motsi biyar ko bakwai su zama abin da suke kira jimla, kamar dai ta magana, da mafarinta da inda take numfasawa. Ana koyon jimla guda a hankali, kamar masu tafiya cikin ruwa, a maimaita har jiki ya haddace, sannan a ɗora ta gaba. Wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan takkai ya san yadda sanda ke samun sanda a daidai bugun ganga don kowa ya san inda ɗan'uwansa zai kasance. Bambancin kawai, a nan ana so a ɓoye kiɗan kada mai kallo ya ji shi.

Duk wannan kowane ƙwararre ya sani. Inda Hobbs ya yi zarra shi ne abin da ya ɗora a kai.

Waɗanda suka gabace shi sun mai da faɗan Dartanyan abin ƙawa. Douglas Fairbanks, a fim ɗinsa marar magana na 1921, har alkafura yake yi a hannu ɗaya yana kai suka da wuƙa. Gene Kelly, a na 1948, gwanin rawa ne tun asali, kuma wani malamin takobi ɗan Beljiyam, Jean Heremans, ya tsara masa faɗan da ke gudana sumul, ana tsalle ana murmushi, riga ko ƙura ba ta yi. Ina son su duka biyun. Hobbs kuwa tambayar da ya yi wa kansa daban ce: in mutum yana tsoron mutuwa, ga rana, ga kaya masu nauyi, yaya zai yi faɗa? Amsar tana cikin fim ɗin Lester. Ana shuri, ana naushi, ana jifa da duk abin da hannu ya kai gare shi. Ana kai sara a kuskure, nauyin takobi ya ja mutum ya yi tangaɗi. A kan tsaya cirko-cirko ana haki, kowa na jiran ɗayan ya fara.

Ya kuma ba kowane mutum faɗan da ya dace da halinsa, ta yadda ko an rufe fuskoki za ka gane su. Oliver Reed, wanda ya fito a Atos, yana aukawa kamar bijimi, alkyabba a hannu, rabin faɗansa dambe ne. Richard Chamberlain a Aramis yana tsaye tsaf kamar mai gudun ɓata tufafi. Frank Finlay a Portos cika baki ya fi yawa, dabararsa takan juye masa. Michael York a Dartanyan zafin ƙuruciya ne zalla, ya yi tsalle inda taku ɗaya ya isa. Shi kuwa Christopher Lee, mugun Rochefort, dogo ne da ya kusa mita biyu, yana da shekara 51 a lokacin, ba ya ɓarnar motsi ko ɗaya. An kuma rufe masa ido guda da ƙyalle saboda rawar da yake takawa. Rufe ido ɗaya ka gwada zura zare a allura, za ka san abin da ake nufi da a ce mutum ya auna taƙi guda tsakanin tsini da ƙirjin abokin aikinsa a haka.

Wuri ma abokin aiki ne a wajen Hobbs. Akwai faɗan da aka yi a ɗakin wanki na fada, tsakanin shanya da kwatarniyoyi, inda jiƙaƙƙen zane ya zama makami. Akwai na dare tsakanin Dartanyan da Rochefort, kowa da fitila a hannun hagu, yana buɗewa yana rufewa don ya kashe wa ɗayan ido. A kashi na biyu akwai wanda aka yi a kan daskararren ruwa, ƙafa ta ƙi tsayawa, manyan mayaƙa suna zamewa suna faɗuwa kamar yara masu koyon tafiya. Mai kallo yana dariya yana cewa abin ya rikice musu. To, kowace zamiya a nan sai da aka shirya ta: ƙafar da za ta tafi, gefen da za a faɗi, da inda tsinin takobi zai kalla lokacin da mutum yake ƙasa. Tsara faɗa mai tsabta yana da wuya, amma tsara hargitsi ya fi, don tangaɗi yana ɓata tazara, kuma dole a gina wata tazarar a cikin tangaɗin.

Kamara tana ɗaukar nata kason. Ba ta iya auna zurfi sosai, saboda haka in aka jera mutum biyu, ɗaya a gaban ɗaya ta fuskar gilashinta, takobin da ya wuce nesa da wuya zai fito kamar ya shafe shi. Sukar kisa yawanci ta gefen da kamara ba ta gani take bi, tsakanin hannu da haƙarƙari, wanda aka soka ya ƙanƙame jiki ya ba da sauran labarin da fuskarsa. Ƙarar ƙarfe da kake ji, galibi daga baya ake sa ta a ɗakin haɗa sauti, don goran-ruwa ba ya amo mai daɗi. Waɗannan dabaru halal ne a sana'ar. Sai dai suna buɗe ƙofa ga mai son sauƙi. Duk mun ga finafinan da jarumai biyu ke tsaye suna buga takobi a takobi, sama, ƙasa, sama, ƙasa, ba wanda ke nufin jikin wani, sannan mai tace hoto ya yayyanka abin gunduwa-gunduwa don kada a gane ba a yi atisaye ba. Lester yakan ja kamara baya ya bar ka ka ga mutum tun daga hula har takalmi, kuma ba a yin haka sai da 'yan wasan da suka haddace takardarsu. Finafinai biyu da Faransawa suka fitar a 2023, na darakta Martin Bourboulon, sun bi wata hanyar mai wuya: kamara tana kutsawa tsakiyar faɗa tana bin mayaƙa kamar ba a yanke ba, wanda ke nufin shi ma mai ɗaukar hoton sai ya haddace takunsa.

Faɗan ƙarshe na kashi na biyu, tsakanin York da Lee a cikin majami'a, shi ne wanda nake mayarwa baya in sake kallo. Zuwa ƙarshensa hannuwa sun yi nauyi, gumi ya jiƙa riguna, kowane sara sai an tattaro masa ƙarfi daga ƙugu. Jimlolin sun gajarce, daga motsi da yawa zuwa biyu ko uku, hutun da ke tsakaninsu ya ƙara tsawo. In ka saurara za ka ji numfashi ya maye gurbin kiɗa.

Bayan an tashi aiki akwai wanda ba ya tafiya da wuri, wato mai kula da makamai. Zai bi takubban ɗaya bayan ɗaya, ya shafa yatsa a gefen ruwan yana neman inda haɗuwar ƙarfe da ƙarfe ta bar tsaga ko ƙaya, ya sa magagari ya goge har ya yi santsi, don 'yar ƙaramar tsaga tana yanka fata, kuma daga nan ne takobi ke karyewa ya yi tsalle. Zai girgiza mariƙi ya ji ko ya yi sako-sako, ya ɗaure, ya shafa mai saboda tsatsa. Da safe kuma, kafin a kunna kamara, 'yan wasan da suka yi makonni suna wannan faɗa za su sake tsayawa fuska da fuska, ɗaya ya miƙa takobi a auna taƙin nan guda, su bi jimlolin tun daga ta farko, a hankali.