Safar hannu ba laya ba ce: gyara ga yadda ake horar da masu agajin gaggawa

A kusan duk horon agajin gaggawa darasin farko ɗaya ne: kafin ka taɓa wanda ya ji rauni, sa safar hannu. A Amurka abin har ya zama hadda, ɗalibin da ke jarrabawar aikin motar asibiti sai ya furta da bakinsa cewa ya sa kariya kuma wurin ba haɗari, sannan ya durƙusa gaban majinyaci. Shawarar ba ta da laifi. Inda nake da ja shi ne yadda ake tsayawa a nan, ɗalibi ya fita yana ganin da ya zura hannu cikin roba shikenan ya tsira, kamar wanda ya ɗaura laya.

Safar ta samu wannan matsayi ne bayan ɓullar ƙanjamau. A 1987 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a ɗauki jinin kowane majinyaci kamar yana ɗauke da cuta, tunda ba a gane mai ita a fuska. Aikin safar ke nan: ta raba jini da sauran ruwan jiki da ƴan tsagogin da ke fatar hannunka. Wannan kam tana yinsa da kyau.

Amma allura fa? Robar da ba ta fi ledar kanti kauri sosai ba, ba ta tare allura, ba ta tare fasasshen gilashin mota. Kuma ta nan ne babban haɗarin yake. Idan allurar da ta shiga jikin mai ƙanjamau ta soki ma'aikaci, yiwuwar ya kamu kusan 3 ne cikin 1,000. Idan ta mai ciwon hanta nau'in B ce, kuma ma'aikacin bai yi rigakafi ba, abin kan kai 30 cikin 100. Ka ga wanda muka fi tsoro ba shi ne ya fi saurin kamawa ba. Ciwon hantar nan yana da rigakafi, allura uku cikin wata shida, amma ba kasafai ake ba shi lokacin da ake bai wa safar hannu a ajin horo ba. Haka maganin kariya daga ƙanjamau bayan suka: dole a fara shi cikin awa 72, kuma gara a awannin farko. Mai agajin da ya san wannan ya fi wanda ke da kwali guda na safa tsira.

Ita kanta safar tana da nata rauni. Ƙa'idar masana'anta ta yarda a samu ƴan ƙalilan masu ƙananan huji a kowane rukuni, don ba a gwada kowace ɗaya, samfur ake ɗiba. Zafi yana cin roba, to ka tuna kwalin da ya yi wata uku cikin motar da ke shan rana a bakin titin Kano zuwa Zariya. Ga kuma hunturu: hannu ya bushe, mutum ya lafta Vaseline, ya zura safar letes a kai, alhali man fetur ɗin da ke cikinsa yana lalata wannan roba. Ta naitiril ta fi jure wannan, kuma ba ta jawo borin jinin da letes ke jawo wa wasu, shi ya sa ta fi yawa a motocin asibiti yanzu.

Babban abin da ke damuna shi ne safar tana sa mutum ya daina jin ƙazanta. Hannu tsirara, da jini ya taɓa shi za ka nemi ruwa. Cikin safa kuwa sai ka danne rauni, ka ɗauki waya, ka buɗe ƙofar mota, ka gyara tabarau, ka koma kan mutum na biyu, duk da safa ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2011, wanda aka yi a asibitoci 15 a Ingila da Wales, ya gano ma'aikata sun fi sakaci da tsaftace hannu idan suna sanye da safa, kusan kashi 41 cikin 100 na lokutan da ya kamata, maimakon kashi 50 idan babu ita. A asibiti ke nan, inda famfo ke kusa. Ina ga bakin titi da dare, mutum biyar a kwance?

Sannan cirewa. Lokacin Ebola a 2014, ma'aikatan jinya biyu a Dallas sun kamu duk da suna sanye da kayan kariya, har CDC ta sake ƙa'ida a watan Oktoba na shekarar, ta ce dole wani ya tsaya yana kallon mai sakawa da cirewa, mataki-mataki. Mu da zazzaɓin Lassa ke kashe mana ma'aikatan lafiya, wannan ba labarin nesa ba ne.

Na san za a ce, malam, mu safar ma ba mu da ita, masu kai ɗauki a hanyoyinmu leda suke ɗaurawa ko su shiga da hannu haka nan. Gaskiya ne. Sai dai rashin ilimin yana ƙara ƙarancin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a buƙatar safa don awon hawan jini ko jin bugun zuciya idan babu jini ko ruwan jiki a wurin. Ana ƙona ta inda ba ta da aiki, a zo wurin jini a tarar kwali ya ƙare, sai a koma wanke tsohuwa, wanda shi ma yana buɗa huji.

Da ni ke tsara jarrabawar, ba zan ba da maki don an ce "na sa safa" ba. Zan shafa wa safar ɗalibi jan fenti, in ce ya cire: ya tsinko ta farko daga waje wajen wuyan hannu ya juye ta, ya dunƙule ta a ɗaya hannun, ya zura yatsu ta cikin ta biyu ya juye ta a kai, ya jefa a shara, ya wanke hannu. Sannan mu duba yatsunsa da goshinsa da aljihun da wayarsa take.