Kannywood Ta Iya Hawan Doki, Saura Ta Shiga Barga

Yaron da ya tashi a Kusfa, cikin birnin Zariya, ba sai an kwatanta masa doki ba. Kowace Sallah yana ganin ayarin Sarkin Zazzau ya taso daga filin idi ya nufi fada, ga 'yan lifida, ga zagage, ga hakimai kowa da jama'arsa, sannan a biyo da Hawan Bariki da Hawan Daushe. Ko ba Sallah ba, da la'asar sakaliya samari na fita kilisa, ga kuma hawan angwanci da ya zama yayi. Masu shirya finafinan Hausa sun san wannan abu yana ɗaukar ido, shi ya sa da zarar labari ya taɓo sarauta sai a nemo ingarma a yi masa ado, a ɗora jarumi da rawani da alkyabba, a ɗauko hotonsa daga ƙasa don kwarjini ya ƙaru. Daga nan aikin dokin ya ƙare. Ba shi da suna, ba a san wanda ke ba shi ruwa ba, ba a san inda yake kwana ba. A ganina wannan asara ce babba, domin fim ɗin da uwa da uba da 'ya'ya za su zauna su kalla tare, wanda doki zai fito a cikinsa a matsayin mai rai da ke jin yunwa da ciwo da sabo, zai dasa tausayin dabba a zuciyar yaro fiye da yadda faɗa da tsawa za su yi.

Tun daga Turmin Danya na 1990, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa, masana'antar ta fi karkata ga soyayya da kishi da rikicin gado. Ko Amina, fim ɗin Izu Ojukwu da ya fito a Netflix a 2021 a kan Sarauniyar Zazzau, dawakan cikinsa kayan yaƙi ne, matsayinsu ɗaya da takobi da garkuwa. Abin mamaki shi ne, finafinan Indiya da muka aro wa rawa da waƙa cike suke da dabbobi masu suna da hali. Wanda ya girma da su zai tuna giwayen Haathi Mere Saathi na 1971, zai kuma tuna Badal, dokin Amitabh Bachchan a Mard na 1985, wanda shi da kare Moti suke ceton ubangidansu kamar 'yan uwa. 'Yan kallonmu sun karɓi waɗannan da hannu biyu. Mun ɗauko bin juna a cikin furanni, mun baro dokin a can.

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa labari na iya canja yadda ake riƙon dabba tana cikin tarihin Black Beauty, littafin da Anna Sewell ta fitar a Ingila a 1877, wanda aka mayar fim sau da yawa, har da na 1994 da na 2020. Dokin ne da kansa yake ba da labarin rayuwarsa daga hannun ubangida mai kirki zuwa hannun mugu. Abin da ya kamata marubutanmu su lura da shi shi ne, matar ba ta tsaya kan cewa a ji tausayin dabbobi kawai ba. Ta kama wani abu takamaimai: igiyar da masu kuɗin lokacin ke ɗaure kan dokin karusa da ita ya ɗago sama don ƙasaita, ko da wuyansa zai sage, ko da ba zai iya jan kaya a hawa ba. Ana lissafa littafin cikin abubuwan da suka sa wannan yayi ya mutu. Wanda ya karanta, in ya fita titi ya ga dokin da aka yi wa haka, ya san abin da yake kallo. Tausayin da bai san inda ciwon yake ba, hawaye ne kawai a gaban talabijin.

To mu ina namu ciwon yake? Yana barga washegarin hawa, lokacin da tambura suka yi shiru aka kwance jalala. A nan ake ganin mikin da sirdi ya yi a gadon baya, wanda ado ya rufe jiya. A nan ake ganin gefen bakin da linzami mai ƙarfi ya tsaga saboda an yi ta fizgar kamazuru don doki ya yi tsaye da ƙafa biyu a yi tafi, da haƙarƙarin da ƙaimi ya huda, da kofaton da ya sha sukuwa a kan kwalta mai zafi. A kuma wannan bargar ce za ka ga ɗaya fuskar: yaron doki ya tashi tun kafin assalatu ya kwashe kashi, ya jiƙa dusa da kanwa, ya warware damin harawa, ya wanke masa geza da jela, shi kuma dokin ya ji takunsa tun daga zaure ya fara haniniya a turke. Duk wanda ya san aikin fim ya san cewa waɗannan hotuna biyu sun isa labari. Ga yaro talaka da ya shaƙu da dokin da ba nasa ba, ga ɗan mai gida da ke son a gan shi ranar hawa, ga tsohon da ya san bambancin kili da akawal da bidi da hurde. Ba a buƙatar a sa dokin ya yi magana. A The Black Stallion na 1979 akwai dogon sashe da yaro da doki kaɗai suke a tsibiri, kusan babu kalma ko ɗaya, kuma shi ne sashen da ya fi zama a ran masu kallo.

Za a ce wannan tunanin Turawa ne, mutanen da suka ƙoshi har suke kuka don kare, alhali a nan mutum bai samu na sawa a bakin salati ba. Maganar yunwa gaskiya ce, amma ɗora wa Turawa tausayin dabba kuskure ne, kuma a unguwar malamai da almajirai irin Kusfa ba a buƙatar dogon bayani. Wane ɗalibin hadisi ne bai san matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha ba, ko mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi? An ruwaito cewa raƙumi ya ga Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye, Manzo ya kira mai shi ya ja masa kunne a kan barinsa da yunwa da jibga masa aiki. An hana dukan dabba a fuska, an hana mayar da bayanta wurin zaman hira. Karatun yana nan, ana yin sa kullum a zaure. Abin da babu shi ne hoton da zai sa yaro ya haɗa hadisin da ya haddace da dokin hayar da yake bi da gudu yana tsokana. Sa'annan ba daidai ba ne a ɗauka tausayi wani ɗan kaso ne da in aka ba dabba sai na mutum ya ragu. Yaron da ya koyi duba bayan doki kafin ya ɗora sirdi, ya koyi tambayar halin wanda ba zai iya kai ƙara ba, kuma gidajenmu cike suke da irin waɗannan, daga 'yar aiki zuwa almajiri.

Wasu kuma za su ji tsoron kada irin wannan fim ya zama cin fuska ga mahaya da masarauta, musamman yanzu da hawan Sallah ya zama abin tinƙaho a idon duniya, tun da UNESCO ta sa na Kano cikin jerin al'adun gado a Disamban 2024. Ina ganin akasin haka ne zai faru. Masu doki na gado su suka fi kowa jin zafin wulaƙanta shi, kuma ba banza ba fada ta ware sarautu irin su Shamaki don kula da barga. Yawancin ɓarnar daga wanda ya karɓi doki haya na yini guda take fitowa, wanda so yake ya more kuɗinsa kafin magariba. Fim mai hankali zai tsaya ne a gefen masana doki, ya nuna wa 'yan bana-bakwai cewa gwanin mahayi shi ne wanda dokinsa ke bin umarninsa da ɗan motsin hannu, ba wanda ya dawo da shi baki na jini ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na kuɗi da aiki. Furodusan da ke fitar da shiri mai dogon zango duk mako a YouTube ba shi da lokacin jiran doki ya ga dama, kuma akwai haɗarin a wahalar da dabbar a wajen ɗaukar fim ɗin da ke kiran a tausaya mata. Wannan ya taɓa faruwa a wasu wuraren. A Amurka, sai da aka tura doki daga kan dutse ya faɗa ruwa ya mutu a wajen ɗaukar Jesse James na 1939, jama'a suka yi ca, kafin aka fara barin ƙungiyar kare dabbobi tana sa ido a wuraren ɗaukar fim. Ba sai mun jira irin wannan ba. Labarin da nake nufi ba ya buƙatar yaƙi ko dawaki ɗari. Doki ɗaya mai sanyin hali, barga ɗaya da lungunan cikin ganuwa sun wadatar, kuma hakan ya fi hayar katafaren gida da motoci araha. Zariya ma ta fi ko'ina dacewa: a Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitinta, tana kuma da sashen koyar da wasan kwaikwayo, duk a harabar guda.

Sai dai in za a yi, kada a tsaya kan mai kyan gani. Doki yana da masu yi masa kirari. Jakin da ke ɗaukar yashi da itace ba shi da kowa, ga shi fataucin fatarsa zuwa ƙasar Sin ya yi masa illar da ta sa Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka shi don fata a Fabrairun 2024. Marubucin da ya san abin da yake yi zai ajiye jaki a gefen bargar nan, ya bar yaro mai kallo ya tambayi kansa dalilin da ya sa ɗaya ke cin gero ɗaya ke cin sanda.

Saboda haka kirana ga furodusoshi da marubutan Kannywood, da ɗaliban wasan kwaikwayo na Samaru: kafin Sallah mai zuwa, ku nemi izinin wani mai doki a cikin birni, ku je bargarsa da asuba, ku koma washegarin Hawan Daushe, ku tafi da likitan dabbobi da kyamara.