Daga "An Yi" Zuwa "Na Yi"

Hausa tana da wata 'yar kalma mai rufa asiri, wato "an". An samu saɓani. An yi kuskure. An ɗan yi musayar yawu. Wa ya yi? Oho. In aka matsa wa mutum ya ce tsautsayi ne, in aka ƙara matsawa ya ce sharrin Shaiɗan ne. Tsohuwar ɗabi'a ce, domin a Farawa sura 3 Adamu ya ɗora wa Hawwa'u, ita kuma ta ɗora wa maciji. Ni kaina na sha fakewa a bayan kalmar nan, har cikin addu'a. Shi ya sa nake jinjina wa Kiristan da ya iya zama da dare, daga shi sai Allahnsa, ya cire "an" ya sa "na". Gwaninta ce, kuma koyonta ake yi kamar ɗinki.

Wanda ya fi kowa tsara wannan aiki, a ganina, wani tsohon soja ne ɗan ƙasar Sifen, Ignatiyus na Loyola. A 1521, wajen kare garin Pamplona, harsashin igwa ya ragargaza masa ƙafa. Yana kwance a gidansu yana jinya ya nemi littattafan jarumta da soyayya, ba a samu ba, sai aka miƙa masa tarihin Almasihu da na tsarkaka. A kan gadon nan ya lura da wani abu. In ya yi ta saƙe-saƙen suna da ɗaukaka yakan ji daɗi, amma da tunanin ya wuce sai zuciya ta bushe. In kuwa ya yi tunanin bin sawun tsarkaka, daɗin ba ya tashi. Wannan lura ita ce irin da ya tsiro ya zama littafinsa na horon ruhu, wanda Paparoma Bulus na Uku ya amince da shi a 1548. 'Yan ƙungiyar da ya kafa, wato Jesuit, sun gaji binciken kai sau biyu a rana, da tsakar rana da kuma dare, kamar minti 15 kowane zama.

Abin da ya fi burge ni a tsarinsa shi ne inda yake farawa. Da godiya ake buɗewa, tun ba a taɓo laifi ko ɗaya ba. Wanda ya shigo a tsorace ɓoye-ɓoye zai yi, kamar yaron da ya hango bulala. Wanda kuwa ya fara ƙirga alherin da aka yi masa tun safe, lafiyar da ya tashi da ita, abincin da ya ci, maƙwabcin da ya ara masa babur, ya san gaban wa yake zaune, bakinsa sai ya buɗe. Daga nan sai roƙon haske, don gwano ba ya jin warin jikinsa. Sannan a bi ranar daki-daki daga tashi barci, awa bayan awa, a duba tunani, a duba magana, a duba aiki. A nemi gafara, a ƙudura abin da za a gyara gobe, a tashi.

Bin ranar daki-dakin nan shi ne cibiyar sana'ar. Wata Lahadi na dawo daga sujada na daka wa matata tsawa wai abinci bai nuna ba. Da dare, bayanin da zuciyata ta fara kawo mini shi ne, an ɗan samu hayaniya, yunwa ce. Da na koma baya sai na tarar ba daga tukunya abin ya faro ba. Wajen ƙarfe sha ɗaya, a taron dattawa, na kawo shawara kan gyaran rufin majami'a, wani da na girme shi nesa ba kusa ba ya rushe ta gaban jama'a, kuma da gaskiyarsa. Na yi murmushi, na ce madalla, na haɗiye. Abin da na kasa amayar masa shi na juye wa wadda ba ta ji ba ta gani ba. Girman kai ne aka taɓa, na ɗauko shi a cikina har gida. Da safe na ce mata, "Uwargida, jiya ban kyauta miki ba, ki yafe mini." Ta ce, "Baban yara, ai tun daga sallamarka na san ba da ni kake ba." Abin da na kwana ina tonowa, ita tun a ƙofar gida ta gan shi.

Ignatiyus ya ƙara wata dabara don laifin da ya zama jiki, kamar gulma ko saurin fushi. Ka ɗauki guda ɗaya tak. Da safe ka ƙudura kiyaye shi. Duk sa'ad da ka faɗa ciki, ka ɗora hannu a ƙirji, ko cikin taro ne ba wanda zai gane. Bayan abincin rana ka ɗiga ɗigo a kan layi, ɗaya ga kowace faɗuwa, bayan na dare ka sake a layi na biyu. Ka gwada yau da jiya, wannan mako da wancan. Littafin bashin mai shago ke nan sak, kuma amfaninsa ɗaya ne: wanda ya ce ai ba kullum yake gulma ba, takarda za ta nuna masa sau bakwai kafin la'asar. Maƙwabtanmu Musulmi sun san irin wannan hisabi da sunan muhasaba.

Amma wuƙar tana yanka mai ita. A Manresa, inda Ignatiyus ya zauna daga 1522, wasuwasi ya kama shi. Ya furta zunubansa, ya koma ya sake furtawa, kullum yana jin ya bar wani a baya. Ya yi mako guda bai sa komai a baki ba, sai da fadan da ke sauraron furcinsa ya umarce shi ya ci. Har tunanin halaka kansa ya zo masa. Ya tsira ne da ya yanke cewa abin da ya riga ya furta ba zai sake tonowa ba. Don haka gwanin binciken kai ya san inda ake tsayawa, kuma nasa kason kaɗai yake ɗauka. Matar da miji ke duka ba za ta zauna tana neman laifinta a cikin dukan ba, wannan kayan mijin ne. Ana cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, amma akwai kuma masu kinkimar tudun wasu a ka, su ma ba su iya aikin ba.

Sarki Dawuda sai da annabi Natan ya zo masa da labarin tunkiyar matalauci kafin ya gane kansa, kuma ba kowa Allah ke aiko wa Natan ba. Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa ta fari ga Korintiyawa sura 11, kowa ya miƙa wa aikin auna kansa kafin Jibin Ubangiji, bai ɗora wa fasto ba. Ɗan'uwa, daren yau kafin ka kashe fitila, ajiye wayar nan minti 15. Fara da godiya, ka bi ranar tun daga asuba, inda duk ka ji bakinka zai ce "an", dakata ka tambaya: wa?