Tauraro mai wutsiya da waɗanda aka bari a ƙasa

Karon farko da na ga duniya za ta tashi, a gidan kallon bidiyo ne na unguwarmu, ina zaune bisa tabarma da dala biyar ɗina. Armageddon aka sa, fim ɗin Amurka na 1998. Wani ƙaton dutse ya taso daga sama, aka tura mahaƙan man fetur su fasa shi. Da Burus Wilis ya danna bom ɗin, duk muka tashi da ihu kamar an ci ƙwallo. Sai da na shiga lise na gane cewa labarin nan ya girmi kakana.

A 1894 wani masanin taurari ɗan Faransa, Kamil Flamariyon, ya fitar da littafi mai suna La Fin du monde. A ƙarni na 25 ya ajiye labarin. Tauraro mai wutsiya ya nufo duniya, malamai sun taru a Pari suna ta gardama kan yadda za a mutu, ko da wuta ko da iska mai guba, jaridu kuma suna cin kasuwarsu da tsoron jama'a. Gaskiya littafin yana da nauyin karatu. Malami ya miƙe ya yi jawabi shafi da shafi, ya zauna, wani ya miƙe. Sau biyu ina ajiye shi. Amma abin da ya riƙe ni shi ne tauraron ya zo, ya yi ɓarna, ya wuce, duniya ba ta tashi ba. Sai a kashi na biyu, bayan shekara miliyan goma, ruwa ya ƙafe, sanyi ya rufe ko'ina, aka bar mutum biyu rak, Omegar da Eba. Wato mutuwar gaske a hankali take zuwa, ba ta da ƙara.

Wannan rabin ne sinima ta jefar. Ta ɗauki tauraron, ta ɗauki gudun mutane a titi da ranar da aka ƙayyade, ta bar ƙafewar ruwa. Na fahimci dalili: wa zai biya kuɗi ya kalli rijiya tana ja da baya? Mu kuwa da muka tashi muna jin tsofaffi suna labarin farin 1973 da na 1984, da shanun da suka zube a hanya, kashi na biyun ya fi kama da abin da muka sani.

Abin dariya, shi kansa Flamariyon ya faɗa ramin da ya kwatanta. A 1910, da tauraron Hali ya dawo, aka gano iska mai guba a wutsiyarsa. Jaridu suka ɗauko maganarsa suka kambama, mutane suka riƙa toshe ƙofofi, ƴan damfara suka sayar da ƙwayar maganin tauraro. A watan Mayu duniya ta ratsa wutsiyar, ko kaza ba ta mutu ba.

Na fi son gajeren labarin H. G. Wels na 1897, wanda na karanta da Faransanci da sunan L'Étoile. Ƴan shafuka ne, babu jarumi. Wani baƙon tauraro ya bugi Naftun, ya wuce ta kusa da mu, ƙanƙara ta narke, teku ya hau tudu, ƙasa ta girgiza, mutane suka mutu ba adadi. Can ƙarshe sai Wels ya ɗauke mu ya kai mu duniyar Mas, inda masanan taurarinsu ke leƙen mu da madubi suna mamakin yadda ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba. Wallahi wurin nan ya daɗe yana cina. Haka ake ganin bala'i daga nesa, kuma mun san yadda ake karanta yunwar ƙasarmu a rediyon waje, layi biyu kafin labarin wasanni.

Wanda ya fi ba fina-finan yau siffa shi ne littafin Filip Waili da Edwin Balma na 1933, da aka yi fim ɗinsa a 1951, Le Choc des mondes. Nan ne jirgin Annabi Nuhu ya koma roka. Duniya ba ta tsira, sai a ƙera jirgi, a yi ƙuri'a, mutum wajen arba'in su haye zuwa wata duniyar. Daga Afirka ta Kudu aka fara hango bala'in, amma ku duba waɗanda suka shiga jirgin: ba baƙar fata ko ɗaya. Fim ɗin bai ma san ya yi haka ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Ya tsaya yana nuna mana adalcinsa don an bar attajirin da ya biya kuɗin jirgin a ƙasa, kamar shi kaɗai aka bari.

Kwanan baya na sake kallon Armageddon a waya tare da ƙanena. Na lura ana nuno sauran duniya daƙiƙa kaɗan, mutane sun taru suna addu'a, suna jiran labari daga Amurka. Na ce masa ka ga aikin da aka ba mu ke nan. Ya ce, Yaya don Allah ka yi shiru, za a danna bom.