Tuta da Hannun Baduku

Duk sa'ad da aka tashi shirya rumfar Jihar Sakkwato a kasuwar baje koli ta Kaduna, ko aka ta da zancen tuta da tambarin da za su wakilci jihar a gaban baƙi, akan sami wasu masu ilmin zamani suna cewa aikin dukawa tsaraba ce kurum, a ajiye shi gefe, a ba buhun simintin Kalambaina da hoton madatsar Goronyo gaban rumfa. Wannan ƙauli ba shi da hujja, domin ana yin siminti a Ashaka, ana yi a Obajana, alhali fatar jar akuyarmu, wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka jingina ta ga Maroko, ba ta da tamka sai 'yar'uwarta ta Maraɗi.

Sha'anin tuta kuwa ba baƙo ba ne a birnin da Muhammadu Bello ya gina a 1809. Daga hannun Shehu Usmanu, Allah ya ƙara masa yarda, su Modibbo Adama da Yakubun Bauchi da Buba Yero da Umarun Dallaji suka karɓi tutocinsu alamar izini da amana, kuma a gindin tutar Sarkin Musulmi Attahiru mazaje suka yi shahada a Giginya ran 15 ga Maris 1903. Magabata sun san sharaɗin tuta: a shaida ta daga nesa, cikin ƙura, bisa doki.

To, wannan sharaɗi yana nan a hannun baduku. A dubi gafaka, wadda almajiri ke rataya Alƙur'aninsa a ciki. Bayan majemi ya jeme fata da bagaruwa, launukan da ke gaban baduku ƙalilan ne: ja daga karan dafi, baƙi daga kuloko, sai koren korino. Jan yakan bar masa fili mai yalwa, bai jin tsoron wurin da ba ado. Korino kuwa, da yake yana da wuyar samu, sai ya tsaga shi siri-siri, ya bi gefe da shi, ko kuwa ya huda fatar sama da aska, ya shimfiɗa koren a ƙarƙashi, ta yadda launin zai leƙo ta kafar da aka buɗe masa, bai wuce haddinsa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne baƙin layin da yake ratsawa tsakanin ja da kore, don kada su haɗu su gajiyar da ido. Siririn abu ne, amma in aka cire shi, zanen duka ya rushe. Ba siffar mutum, ba ta dabba, saboda ladabi ga abin da ke ciki. Wanda ke nesa siffa ɗaya yake gani bayyananna, wanda ya matso shi ke ganin sawun basilla.

Masu zane da kwamfuta galibi akasin haka suke yi: albasa da saniya da takobi da littafi da ruwan dam, duka a cusa cikin da'ira guda, wai don kada a bar wani arziki a baya, har tambarin ya zama kamar kayan ɗan koli. Ko tutar Nijeriya, da Taiwo Akinkunmi ya zana ta a 1959 akwai jar rana a tsakiya, alƙalan gasar suka cire ta, kuma lalle sun yi daidai.

Saboda haka ra'ayina shi ne, in za a zana wa jihar nan tuta, a fara da zama a gaban dattawan dukawa na shiyoyin birni, a ɗauki jan fili da koren gefe da baƙin layi daga wurinsu. A rumfar baje koli kuma a shimfiɗa wa baduku tabarma a bakin ƙofa, da askarsa da basillarsa, mai saye ya ga yadda ake huda fatar, sa'an nan ya wuce ciki ya tambayi farashin siminti.