Akwatin da ke kwanci

Ranar da na shigo da injin ƙyanƙyasar ƙwai gida a Gumel, Inna tana zaune a bakin ɗakinta tana tsintar wake. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Yanzu ɗan nan, wannan robar ce za ta yi kwanci?" Na ce mata haka mai shagon ya tabbatar mini. Ta ce to Allah ya nuna mana, ta ci gaba da wakenta. Yau damina biyu ke nan da hunturu biyu, kuma ina ganin zaman da muka yi da injin nan ya isa in faɗi abin da na gani.

Ƙirar ƙasar Sin ne, irin mai cin ƙwai 56, a Kano na sayo shi. Gindinsa roba ce ruwan ɗorawa, murfinsa kuma garau yake, kana iya ganin kowane ƙwai ba tare da ka buɗe ba. A cikin murfin akwai 'yar fanka da wayar da ke ba da ɗumi, a ƙasa kuma ramukan zuba ruwa. Mutum ɗaya zai rungume shi ya kai ɗaki.

Abin da ya fara burge ni shi ne riƙon zafinsa. Ƙwai yana son digiri 37.5 zuwa 37.8, dare da rana, kuma injin nan yana tsayawa a wurin kamar an kafa masa ƙusa. Sai juyin. Duk bayan awa biyu za ka ji wani ɗan ƙara siriri, jerin ƙwan su karkata a hankali zuwa dama, in lokaci ya sake zagayowa su koma hagu. Wanda ya taɓa tsugunawa ya kalli kaza a akurki tana sa baki tana mirgina ƙwanta ya san daga inda aka ɗauko wannan dabara: in ba a juya ba, ɗan da ke ciki yakan manne wa ɓawo. A makon farko nakan tashi cikin dare don kawai in saurari wannan ƙarar.

Amma wanda ya ƙera shi ya fi cancantar yabo a kan wata 'yar waya mai baki biyu, ja da baƙa, wadda ake maƙala wa batir mai bolt 12. A garuruwanmu, daga Gumel zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, ba a ɗora ran ƙwai 56 a kan wutar layi. Ni batir ɗaya da faifan sola ɗaya suke riƙe mini shi, in wuta ta zo ta zo, in ba ta zo ba injin bai ma sani ba. Ba don wannan wayar ba, da tuni ya zama akwatin ajiye kwanuka.

Inda na fi jin daɗinsa kuwa a ƙwan zabi ne. Kowa ya san halin zabuwa. Da damina ta faɗi sai ta shiga zuba ƙwai a cikin ciyawa ko gindin kargo, amma zaman kwanci ba nata ba ne, ko ta ƙyanƙyashe sai ta ja 'ya'yan cikin raɓa su mutu. Shi ya sa tun kaka da kakanni ake ɗauko ƙwan a saka wa kaza. To kaza ɗaya nawa za ta rufe? Goma sha biyu, in ta cika girma sha biyar, kuma ta yi zaman kwana 26 zuwa 28 maimakon 21 da ta saba, ga rainon da zai hana ta komawa yin ƙwai har wata biyu. Injin nan yana ɗauke aikin kaji huɗu a zama ɗaya, su kuma su ci gaba da saka ƙwansu. Duk wanda ya ga yadda zabi ke tashi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, inda 'yan Nijar da mutanenmu ke cakuɗuwa, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan talaka.

Daren kwana na bakwai shi ne daren da nake jira. Nakan kashe fitila, in ɗauki ƙwai in ɗora a bakin tocila. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu a ciki kamar saiwar gero, da ɗan ɗigo baƙi a tsakiya yana motsi. Wanda zakara bai taka uwarsa ba kuwa fayau yake, sai a fitar da shi tun bai zama baragurbi ya fashe ya ɓata sauran ba. Na zabi sai an ƙura ido, don ɓawonsa kauri gare shi. Na karanta cewa a Masar har yanzu akwai ɗakunan ƙyanƙyasa na laka masu tarihin sama da shekara dubu biyu, inda gwani ke ɗora ƙwai a fatar idonsa ya gane zafin ya yi ko bai yi ba. Mu allon lambobi ya hutar da mu wannan, amma duban tocila yana nan, kuma ba na so a ƙera injin da zai raba ni da shi.

Ranar sha takwas ake cire abin juyin, a shimfiɗa ƙwan kaza a kwance, a ƙara ruwa har laima ta tashi daga kashi 55 zuwa wajen 65 ko 70. Daga nan sai haƙuri. Tun kafin ɓawo ya tsage za ka ji kukan tsako daga ciki. Sai ɗan huji ya bayyana, ya yi shiru awanni kamar ya fasa, sannan ya bi ɓawon da sara a zagaye, ya tura da ƙafa ya faɗo a jiƙe, a gajiye. Ran da na farko ya fito na kira Inna. Ta daɗe a sunkuye a kan murfin, sannan ta ce, "Ikon Allah. Kar ka buɗe, bar shi ya bushe." Ba ta taɓa ganin takardar injin ba, amma abin da ke rubuce a ciki ke nan.

Sai dai injin an yi shi ne da wata ƙasa a zuciya. Ya iya ɗumamawa, bai iya sanyayawa ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin yankinmu ke haura digiri 40, ɗakin da ke da rufin kwano ya fi cikin injin zafi, sai ya yi ta ƙarar gargaɗi alhali babu abin da zai iya. Zubin da na yi a bazarar farko kusan duk ya lalace. Yanzu ina ajiye shi a ɗakin soro na ƙasa, kuma in bazara ta tsananta hutu nake ba shi. Hunturu kuma nasa daban ne: iska takan shanye ruwan ramukan kafin gari ya waye, fatar cikin ƙwai ta bushe ta naɗe tsako ya kasa fita. Soso jiƙaƙƙe da nake sakawa a gefe ya rage mini wannan asara. Ma'aunin laimarsa ma ba abin a rantse da shi ba ne, gara mutum ya sayi wani ƙarami ya saka a ciki ya riƙa gwadawa. Takardar bayanin da Turanci take, Turancin ma mai wuyar bi, alhali yawancin masu kiwon kaji a gidajenmu mata ne da Hausa ta fi musu sauƙi. Ina fata wata rana a ce a yankin ciniki maras shinge na Maigatari ake harhaɗa irinsa, da jiki mai kauri, da ramin ruwa mai zurfi, da bayani a harshen masu saye.

Akwai kuma laifin da ake ɗora masa wanda ba nasa ba. Ƙwan da ya kwana biyu a rana a kasuwa, ya sha girgiza a bayan babur, ko ya wuce mako da sakawa, babu injin da zai raya shi. Na daina sayen na tire. Gidajen da na san suna da zakara ko namijin zabo nake bi, in karɓi na kwana uku zuwa biyar, in jera su tsininsu a ƙasa, ba tare da na wanke ba.

Abin da ba ya bayarwa shi ne uwa. Zai miƙo maka tsaki arba'in ba mai rufe su da fiffike, ba mai yi musu gargaɗin shirwa, sai kwali da buntun shinkafa da kaskon gawayi, da rigakafin ciwon nan da ke share kaji da sanyi. A daminar bara Inna ce ta samo mana mafita. Akwai wata baƙar kaza da ta yi mako biyu tana kwanci a kan ƙwai uku. Bayan sallar isha'i muka ɗebi 'yan zabi goma sha biyar da suka bushe, ta riƙa tura su ɗaya-ɗaya a ƙarƙashinta cikin duhu, tana zare ƙwan tana miƙo mini in saka a injin. Da asuba muka tarar ta buɗe fikafikai, ƙananan kawuna masu zane suna leƙowa ta kowane gefe.